Rigar Madu a Jikina: Ban Kwana da Obadiah Pindar

Shekara talatin da huɗu ke nan ina kai ƙarar Obadiah Pindar wurin Obadiah Pindar, kuma ba zan fasa ba don ya mutu. Ya ɗauke ni hoto a bakin daga, hoton da ya zaga barikokin ƙasar nan kaf, sannan ya rubuta sunan wani a ƙarƙashinsa. Na faɗa masa a Laberiya, na faɗa masa a bariki, na faɗa masa a ƙofar gidansa kowace safiya ta Allah tun da muka zama maƙwabta. Da wannan zan fara, domin duk wanda ya san mu, in ya ji na fara da yabo, zai ce ba Ajimi ne ya yi maganar ba.

Allah Ya yi wa Waran Ofisa Obadiah Pindar mai ritaya rasuwa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2025, jim kaɗan bayan la'asar, a gidansa da ke Layin Tsofaffin Soja a nan Maiduguri. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ciwon ƙirji ne, kwana shida kacal ya yi a kwance. Ina zaune a ƙofar gida ina gyara rediyona sai matarsa Margaret ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ba Ajimi, abokin faɗanka ya tafi." Rediyon na nan a warwatse yadda na bar shi.

Ni Sajan Ajimi ne, haifaffen unguwar Abbaganaram a garin nan. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Staf Sajan Yoila, sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin soja, shi ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na gargaɗe shi kada ya rage mini magana, kuma ya sani zan kai takardar wuri biyu a karanta mini.

Dalilin da ya sa ni nake wannan aiki shi ne, a layinmu in tsohon soja ya mutu, Obadiah ke rubuta tarihinsa, ya tsaya a gindin darbejiyar da muke taruwa ya karanta a gaban 'ya'yan mamacin. Mutum arba'in da uku ya yi wa haka. Da shi ya mutu sai aka tsaya ana kallon juna. Na ce ni zan yi. Aka yi dariya, wani ya ce, "Kai da ba ka taɓa kwana ba ka zage shi ba?" Na ce ai shi ya sa na fi kowa saninsa.

Obadiah, na fara ganinka a cikin jirgin ruwan da ya kai mu Laberiya a 1990. Kowa na amai, kai kana yawo da kyamara a wuya, biro a kunne, da wata rikoda mai girman bulo a hammata. Soja ne kai kamar mu, ga kakinka ga bindigarka, amma aikinka ɗaukar labari ne domin Bakin Daga, mujallar da ake bugawa domin sojoji. 'Yan jaridar da na saba gani, hafsoshi suke bi. Kai kuwa ƙasan jirgi ka sauko, wurin ƙananan sojoji, kana tambayar kowa garinsu da sunan mahaifiyarsa. Ka miƙo mini rikoda ka ce in gai da gida. Na gai da matata Falmata da Kanuri, na ce ta sayar da tunkiyar nan mai gardama. Wata biyu bayan haka aka sa muryata a rediyo, duk Abbaganaram suka ji. Har yau akwai tsofaffin da ke tambayata labarin tunkiyar.

To, ga yadda abin ya faru, kowa ya saurara, domin yau ba mai katse ni.

Watan Oktoba ne, ruwan sama a can ba ya ɗaukewa. Mun sauka a wani tsohon sito, kowa ya shanya rigarsa a kan waya ɗaya. Da safe ina shan shayi sai aka busa usur, aka ce a fito yanzu-yanzu. Na fizgi riga na zura. Na ji ta matse ni a hammata, amma wa ke da lokacin duba riga? Kuma ko na duba, sunan da aka ɗinka a ƙirjinta zane ne kawai a wurina. Ashe rigar Kofur Madu ce, wani ɗan unguwar Fezzan ta nan Maiduguri da muke rukuni ɗaya da shi, siriri mai yawan barkwanci. Shi kuma ya zura tawa tana masa yawo a jiki.

Mun isa wata 'yar gada sai aka buɗe mana wuta daga cikin ciyawa. Laftanar ɗinmu ya faɗi a tsakiyar gadar, harsashi ya fasa masa cinya. Ban yi tunani ba, in da na yi tunani da ban je ba. Na ruga, na saɓa shi a kafaɗa, na juyo da gudu, harsashi na tsinke ganye a kan kaina. Ashe kai, Obadiah, kana kwance cikin lambatu, ruwa har ƙirji, ka ɗaga kyamara sama kamar mai tsallakar da jariri. Mu muna harbi, kai kana ɗauka. Wallahi na ga mazaje a yaƙi, amma ban ga mai taurin kai irin naka ba.

Ka bi motar masu rauni ka tafi, ba ka tsaya ka tambayi sunana ba. Da ka wanke hoton, kaina a sunkuye yake a ƙarƙashin hular kwano, fuska ba ta fito ba. Abin da ya fito sarai shi ne sunan da ke ƙirjin rigar. Ka karanta, ka rubuta. Da yamma na wanke jinin na mayar wa Madu rigarsa, muka yi dariya. Kwana tara bayan haka aka kashe Madu a wani shingen hanya, Allah Ya ji ƙansa.

Wata uku sai ga mujalla ta iso sansani, ga ni a bangon gaba! Na yi tsalle, na zagaya da ita tanti-tanti ina nuna wa mutane. Sai wani ya karanta mini abin da ke ƙasa: Marigayi Kofur Madu yana ceton hafsansa. Aka fashe da dariya. Laftanar ɗin da zai shaide ni a sume yake lokacin da na ɗauke shi, kuma bai kai ƙarshen shekarar ba. Sauran da ke wurin kowa kansa na ƙasa, ba wanda ya ga komai.

Na same ka na shaƙe maka wuyan riga. Abin da ba zan manta ba, ba ka yi musu ba. Ka ce, "Sajan, kuskurena ne. Na tambayi riga ban tambayi mutum ba. In mun koma gida zan gyara." Na sake ka.

Da muka dawo muka je Fezzan yi wa matar Madu ta'aziyya, ni da kai. Ya Gumsu ta shimfiɗa mana tabarma. Muna ɗaga kai sai ga hoton a bango, an sa shi cikin gilashi. 'Ya'yanta uku ƙanana suka zo suna ja mana hannu suna nunawa, wai ga babansu. Madu bai bar wani hoto ba sai ɗan ƙaramin na katin aiki. Muna fitowa ka tsaya a bakin hanya ka ce, "Ajimi, ba zan iya ba. Kai kana da rai." Na ce rai ne sunana? Shekara biyu ban yi maka magana ba.

Har yau ina cewa ba ka kyauta ba. Ka yi kyauta da abin da ba naka ba. Na tsufa ina ba da labarin gadar nan, mutane na gyaɗa kai suna ƙifta wa juna ido. Jikokina ma in na fara sai su ce, "Kaka, ai mun ji." Amma zan faɗi gaskiya a kanka, tun daga ranar ba ka sake rubuta sunan mutum ba sai ka sa shi ya faɗa da bakinsa cikin rikoda, sau biyu. Ko janar ne sai ya faɗa. Ka je Saliyo, ka je Bakassi, ka je Darfur, shekara talatin da biyar kana aikin nan, ba a sake kama ka da kuskuren suna ba. Ni kaɗai ka ɓata, sauran duk a kaina suka ci arziki.

Da ka yi ritaya a 2009 kowa ya ɗauka Biu za ka koma, ƙasar iyayenka. Sai ga ka da mota cike da akwatunan ƙarfe, ka sauka a layinmu, kuma duk filayen da ke wurin ba ka ga wanda ya yi maka ba sai na jikin katangata. Na ce, "Ka zo ka ƙarasa ni ne?" Ka ce, "Na zo inda za ka riƙa samuna ba sai ka hau mota ba."

Lokacin layin nan gidaje ne kawai na mutanen da suka taɓa sa kaki, kowa da ciwon gwiwarsa. Kai ka mai da shi unguwa. Kai ka kawo kiran suna na ranar Asabar: ƙarfe takwas kowa ya fito gindin darbejiya da hularsa ta soja, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa ba a tashi mutum biyu su je su ga lafiya. Da wannan aka tarar da mutum uku a kwance ba mai ba su ruwa, aka kai su asibiti, biyu suna nan da ransu. Kai ka zauna da masu Keke Napep na bakin titi har suka ɗauki al'adar in sun ga tsohon soja da sanda su shigo da shi har ƙofar gida. Kai ka sa matan layin suka san gidan kowace gwauruwar soja. Musulmi da Kirista, Bura da Kanuri da Margi da Shuwa, ranar Sallah tuwo na fita daga gidana, ranar Kirsimeti shinkafar Margaret na shigowa, kuma ta fi ta gidana daɗi, Falmata ta ji.

Shekarun da garin nan ya rikice, mutane na kwashe kaya suna barin Maiduguri, 'yarka Vivian ta aiko mota daga Jos har sau biyu. Ka mayar da ita ba kowa a ciki. Ka ce wa zai kira suna ranar Asabar? Ka ci gaba da bin mu gida-gida da rikodarka, kana tatsar labari daga bakin mutanen da 'ya'yansu ma ba su taɓa jin sun yi maganar yaƙi ba. Na ga ƙaton mutum, wanda ya yi yaƙin basasa, yana kuka a gabanka kamar an yaye shi, kai kuma ka kashe rikodar ka jira shi.

Sai ambaliyar watan Satumba na bara! Gari ya waye ruwa ya kai gwiwa a layinmu, kafin hantsi ya kai ƙugu. Kowa na fitar da katifa da buhun hatsi, kai kana tsaye a ƙofa kana ihu, "Akwatunan! Akwatunan!" Kaset ɗari huɗu da wani abu, da fina-finan hotuna na shekara talatin da biyar. Muka yi layi, tsofaffi goma sha ɗaya, kowa da akwatin ƙarfe a ka, ruwa na tura mu. Yoila na gaba yana ba da umarni kamar a filin fareti, hagu, dama, hagu! Ni ne na ɗauki mafi nauyi, Yoila ya rubuta wannan. Ina tafe ina ce maka, "Ga shi na sake ɗaukar kaya, sunan wa za ka rubuta yau?" Ka yi dariya har ka kusa nutsewa. Talabijin ɗinka da kujerunka duk suka tafi, kaset ko ɗaya bai jiƙe ba.

Kowace safiya gaisuwarmu ɗaya ce. In ce, "Wushe, Waran. Ina gyarana?" Ka ce, "Yana hanya, Sajan." In ce maƙaryaci. Ka ce shigo ka sha shayi.

Jana'izarka kuwa, Obadiah, da ka gani da ka nemi kyamara! Ranar Asabar aka yi, kuma ba mu fasa kiran suna ba. Tsofaffin soja suka zo daga Biu, daga Damaturu, har daga Yola. Masu Keke suka jeru tun daga darbejiya har bakin titi, ba wanda ya kira su. Yoila ya kira sunanka sau uku, sannan mutum sama da ɗari suka amsa maka da murya ɗaya. Mu shida muka ɗauki akwatinka zuwa coci, uku Musulmi uku Kirista, ni a gaba ta dama. Mai busa mana bigila haƙoransa huɗu suka rage, busar ta fito a karkace, amma ba wanda ya motsa. Na ƙame na sara maka, ban sauke hannu ba sai da busar ta ƙare.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya tun ranar Litinin.

Muna zaman makoki a tsakar gidanka sai ga Ya Gumsu ta shigo, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta gai da Margaret, suka yi ƙus-ƙus, sai Margaret ta shiga ɗaki ta fito da wata babbar ambulan ta ajiye a cinyata. Ta ce, "Ya ce in ya riga ka, in ba ka wannan a gaban Ya Gumsu."

Na buɗe. Hoto ne. Gadar nan ce, laftanar a kafaɗata, rigar Madu a jikina, amma a wannan na ɗago kai. Fuskata ce! Ga tsagen kumatuna, ga bakina a buɗe ina ihu, ga wushiryata! Ashe sau biyu ka danna kyamarar. Na farkon ka aika tun daga sansani, na biyun ba ka lura da shi ba sai bayan mun dawo, ka ɓoye. Na miƙe tsaye a tsakiyar gidan makoki ina cewa, "Ku zo ku gani! Yoila, zo ka gani! Wa ya ce ƙarya nake yi?" Pasto ma sai da ya taso ya duba. Aka yi ta miƙa hoton hannu-hannu, masu kuka suka koma dariya, masu ƙifta ido a da suka kasa kallona.

Na juya wurin Ya Gumsu, kunya ta kama ni. Sai ta ce, "Ba Ajimi, zauna. Tun ranar da aka kawo mini hoton nan na san ba Madu ba ne. Mijina ko buhun gero bai taɓa ɗauka ba sai an taya shi. Kuma wa zai nuna mini ƙafafun mijina? Waɗannan ƙafafun raƙumi ne."

Na ce, "To don me kika yi shiru, Ya Gumsu?"

Ta ce, "Yara na buƙatar abin da za su nuna. Da ƙaramin ya yi aure na tara su na faɗa musu, sannan na zo na ce wa Waran ya mayar maka da kayanka. Shekara huɗu ke nan."

Shekara huɗu! A cikin ambulan ɗin akwai kwafin wasiƙu huɗu da ka aika wa editan Bakin Daga, ɗaya kowace shekara. Yoila ya karanta mini su duka. A ciki ka amsa laifinka da sunanka da lambarka, ka haɗa da hoton, ka haɗa da kaset mai muryar Ya Gumsu. Har kalmomin gyaran ka rubuta musu: wanda ke cikin hoton Sajan Ajimi ne, sanye da rigar abokinsa Kofur Madu, wanda ya rasu a bakin aiki kwana tara bayan haka. Ba ka cire Madu ba, kuma ni ma ba na so a cire shi. Ko ɗaya ba su amsa ba. Margaret ta ce ka ƙi faɗa mini ne don kana so ka kawo mini mujallar a buge, ka ajiye kusa da kofin shayina ka ga abin da zan ce.

To ga sabon ƙorafi, Obadiah. Shekara huɗu ina ce maka maƙaryaci kowace safiya, kana cewa yana hanya, ashe gaskiya kake faɗi, ka bar ni ina ɗaukar alhakinka. Wannan ma ba ka kyauta ba. Na janye kalmar a gaban jama'a, Yoila ya rubuta da manyan baƙaƙe. Na yafe maka na gada, kai ma ka yafe mini na ƙofar gida.

Allah da Ya halicce ka Ya san ka fiye da yadda na san ka. Ina roƙonSa Ya dube ka da rahama, Ya saka maka da alherin da ka yi wa gwauraye da marasa lafiya da tsofaffin da ba mai sauraronsu, Ya ba ka hutawa. Margaret, Allah Ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya, katangar nan ba za ta ƙara tsawo ba, Falmata na nan, ni ma ina nan. Vivian da ƙannenta da jikoki, da dangi na Biu, da duk wanda ke amsa suna a gindin darbejiya, Allah Ya ba mu jimirin wannan rashi.

Saura kai, editan Bakin Daga, ko wane ne kai. Mutumin da ya yi muku aiki shekara talatin da biyar ya rubuto muku sau huɗu, ya mutu yana jiran amsa. Ni shekarata saba'in, idona na dama ya riga ya rufe, na hagun ma likita ya ce yanar ido ta fara hawa. Ba lambar yabo nake nema ba, ba biki ba. Layi biyu ne, an ma riga an rubuta muku su. Ina so in ga fuskata a takardarku da idona, in sa jikokina su karanta mini sunana a ƙasa. In ba za ku buga ba, ku faɗa mini dalili. Gidana ne na uku daga darbejiya, mai koren ƙyaure, ba na zuwa ko'ina. Wannan ce wasiƙa ta biyar, kuma ni ba ni da haƙurin Obadiah. Ku amsa mini.